Tambayoyin Jibirin a Tsamiyar Hadi

Mudassir Badaruddeen bai nemi wannan karatun ba. Lauya ya so ya zama, amma da sunaye suka fito sai ya tarar an jefa shi sashen nazarin zamantakewa a wata kwaleji a Kano. Cikin darussan da aka ɗora wa 'yan shekarar farko akwai wanda ɗalibai ke kira Antiro, wato nazarin ɗan'adam da al'adunsa. Mahaifinsa, mai shagon taki da maganin feshi a Gwarzo, ya tambaye shi wane aiki ake samu da irin wannan ilimi. Mudassir ya ce shi ma bai sani ba. Alhaji Badaruddeen ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya je dai ya fara, Allah ya sa albarka.

A Kabuga ya saba da Jibirin Jalo, wata Juma'a da yamma suna jiran motar Gwarzo ta cika. Ya sha ganinsa a aji, dogo siriri, kullum a bencin gaba, kullum hannunsa a sama. Ashe ɗan Dugabau ne ta ƙasar Kabo, hanyarsu ɗaya, Jibirin dai yakan riga shi sauka. Asalinsu makiyaya ne, amma tun zamanin kakansa suka zauna wuri ɗaya suka kama noma, 'yan shanun da suka rage suna bayan gida. Kafin zangon karatu ya yi nisa sun kama ɗaki ɗaya a bayan makaranta, tukunyarsu ma ɗaya.

Jibirin ya riƙe Antiro kamar don shi aka kawo darasin. In an tashi daga lacca ba ya barin maganar a aji, sai ya biyo Mudassir da ita har wajen mai shayi.

“Kai, ka taɓa tambayar kanka me ya sa ɗan kawunka taubashinka ne kuna tsokanar juna, amma ɗan ƙanin babanka babu wannan wasan a tsakaninku?”

“Haka muka tarar.”

“To ai karatun ke nan. Haka muka tarar ɗin nan ake so a buɗe a ga abin da ke ciki.”

Mudassir yakan yi dariya ya ce shi dai a ba shi makin da zai wuce. Amma a hankali abin ya soma shigarsa. Ya fara lura da wanda ke fara sa hannu a kwano, da wanda ke zama a ƙasa in wani ya shigo, abubuwan da ya tashi yana gani bai taɓa tsayawa a kansu ba.

Malamar darasin, Dakta Halima Sa'adiya Yelwa, gajeriyar mace ce mai kaifin murya, ba ta ɗaukar wasa. Ana gab da hutun Babbar Sallah ta ba su aikin da za su zo da shi.

“Ba na son a kwafo mini komai daga waya,” in ji ta. “Kowa ya je gidan da ba nasu ba, ƙauyen da ba nasu ba. Ku zauna da mutane, ku ci abin da suke ci, ku kama musu aiki. Ku tambaya su wa ke cikin gidan, yaya suke da juna, da me suke ci, wa ke da me, in mutum ya rasu wa ke gado. Ku zana mini tsarin gidan. Amma kafin ku buɗe baki, ku fara zuwa wajen mai unguwa ku gaya masa ko ku su wane ne, da abin da ya kawo ku.”

Jibirin ne ya kawo shawarar su yi musaya. Mudassir ya je gidansu a Dugabau, shi kuma ya je Tsamiyar Hadi, ƙauyen su mahaifiyar Mudassir a mazaɓar Jama'a, inda ya ji ana cewa har yanzu akwai 'yan'uwan da ke noman gandu, gona ɗaya rumbu ɗaya.

Mudassir ya ɗauke shi a babur ɗin shago ya kai shi gidan Kawu Muntari, yayan mahaifiyarsa. Kawu ya fito daga gona da laka har gwiwa, ya karɓe su da fara'a, aka kawo ruwa aka kawo dambu. Da suka ce za su je wajen mai unguwa, sai aka ce ya tafi gaisuwar mutuwa wani gari, sai gobe.

“Ai baƙonka baƙona ne,” in ji Kawu Muntari. “In ya dawo ni zan kai shi.”

Hadari ya haɗo ta gabas, Mudassir yana so ya kai Dugabau kafin ruwa ya tare shi. Ya yi sallama ya tafi. Kawu kuwa aikin huɗa ya sha kansa, maganar mai unguwa ta bi ruwa.

A Dugabau Mudassir ya ji daɗin da bai zata ba. Malam Jalo, mahaifin Jibirin, mutum ne marar yawan magana, amma in an tambaye shi yakan amsa har ƙarshe. Ya nuna masa inda burtalin shanu ya bi a da, yanzu duk ya zama gonaki, ya ce shi kansa ya nome wani gefe. Ya ce a kasuwa ana kiransu Fulani, danginsu na daji kuma suna cewa sun zama Haɓe tunda 'ya'yansu ba sa jin Fulatanci. Ya ba shi labarin shekarar da ɓarayi suka kore musu rabin garke, ba a ga ko kofato ba. Inna Uwaliya, mahaifiyar Jibirin, ita kuwa dariya take yi wa tambayoyinsa.

“Yanzu wannan ma sai an je Kano an koya? Karsanar da aka ba jariri ranar suna tasa ce, duk abin da ta haifa nasa ne. Rubuta. Ka rubuta kuma cewa ba ka iya tatsa ba.”

Kullum da yamma Jibirin yakan kira shi a waya, muryarsa cike da murna. Ya samu gidan da yake nema, gidan Malam Musbahu, maƙwabcin Kawu Muntari, wanda yake noma tare da ƙannensa tun rasuwar mahaifinsu. Malam Musbahu ya zagaya da shi ko'ina, ya nuna masa rumbuna, ya nuna masa turken shanun huɗa, ya yi masa bayanin yadda ake raba hatsi tsakanin matan gidan. Wani sa daga cikin shanun yana ɗingishi, Jibirin ya ɗaga ƙafar ya cire masa ƙaya ya wanke wurin, san ya tsaya masa cak kamar ya san shi. Mutane suka yi ta mamaki.

“Mutumina, mutanenku akwai karamci,” in ji Jibirin. “Kowa so yake in ci a gidansa. Na kusa fin ƙarfin wandona.”

Ana jajibirin Sallah kowa ya koma gidansu.

Ba a gama cin naman layya ba labarin ya iso Gwarzo. Mudassir yana buɗe shago da safe ya ga mahaifiyarsa, Hajiya Badi'a, ta fito da mayafi a karkace tana neman mai babur. Ɓarayi sun shiga Tsamiyar Hadi da bindigogi, sun kwance shanun huɗa a gidaje da dama, har da na Kawu Muntari. Malam Musbahu ya ji motsi ya fito, suka harbe shi a bakin turke. Kafin a samo mota ya cika.

Sai washegari Hajiya Badi'a ta dawo. Ta kira Mudassir ɗakinta, ta sa ya turo ƙofa.

“Ana maganar abokin nan naka a garin.”

“Wace irin magana, Umma?”

“Wai duk gidan da ya shiga ya yi tambaya, nan aka shiga. Wai ba a taɓa yi musu irin wannan ba sai bayan zuwansa. Kawunka ya ce in gaya maka, kada yaron nan ya sake ya taka garin. Ko kusa.”

“Haba Umma! Ai ni na kai shi. Aikin makaranta ne.”

“Ni na sani. Amma ka ga mutanen da aka kashe wa ɗan'uwa ba sa jin wannan. Ka gaya masa kawai.”

Bai kai ga kiran ba Jibirin ya riga shi. Ya ji rasuwar. Ya ce mutumin nan ya ba shi tabarmarsa, ya ci da shi a kwano ɗaya, ba zai yiwu a yi sadakar uku bai je ya yi ta'aziyya ba. Mudassir ya riƙe wayar, maganar tana bakinsa ta ƙi fita. Yaya zai ce wa wanda suke kwana ɗaki ɗaya, wanda uwarsa ta dama masa fura da hannunta, dangina suna zargin kai ka kawo ɓarayi? Kuma ya san dalilin da ya sa zargin ya sauka a kan Jibirin da sauri haka, ya san ba tambayoyin kaɗai ba ne. Kunya ta rufe shi. Sai ya shiga lallashin kansa: in Jibirin ya ƙi zuwa, ai cewa za a yi ya gudu. In kuwa suka je tare, shi ɗan gari ne ta wajen uwa, kowa ya san shi tun yana rarrafe, wa zai taɓa baƙonsa a gabansa?

“Ka zo Gwarzo da safe,” ya ce. “Mu tafi tare.”

Sun isa da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar da ke ƙofar gidan marigayin, dattawa a zaune, matasa a tsaitsaye daga gefe. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, irin safiyar da in da lafiya da kowa yana gona. Suka cire takalma suka durƙusa, liman ya ja addu'a aka shafa. Mudassir ya yi gaisuwa aka amsa masa. Jibirin ya yi tasa.

“Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam Musbahu, ya sa ya huta.”

Ba wanda ya amsa sai liman.

Kawu Muntari ya dubi Mudassir, irin kallon da bai taɓa yi masa ba. “Badi'a ba ta ba ka saƙona ba?”

Jibirin ya juyo ya kalli abokinsa. Mudassir ya sunkuyar da kai.

Wani matashi ya fito daga cikin na tsaye. Lukuman ne, ƙanin marigayin, wanda a hannunsa Malam Musbahu ya cika. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, leɓensa ya bushe. Ya tsaya a kan Jibirin.

“Kai ne ka tambaye ni inda shanunmu suke kwana?”

“Ni ne.”

“Kai ne ka tambayi wa ke kwana a zaure, wa ke kwana a ciki?”

“Na tambaya. Malam Lukuman, ai na gaya muku...”

“Kai ne ka zana gidanmu a takarda, ɗaki bayan ɗaki, har ƙofar baya?”

“Shi Malam da kansa ya riƙe mini takardar.”

“Ya riƙe maka. Ga shi can a ƙasa.”

Mudassir ya miƙe. Ya ɗaga murya. Ya ce ajinsu ɗaya, malamarsu ce ta aiko su, shi ya kawo shi da kansa. Ya zaro katin makaranta yana nunawa. Ya ce shi ma irin tambayoyin nan ya yi a gidan su Jibirin a Dugabau, ba ɗaya da ya bari.

“To an sace nasu?” wani ya tambaya daga baya.



Wani dattijo da aka kwance wa shanu shi ma, ya yi magana a hankali, ba da faɗa ba. “Ɗan nan, ni fa ban gane ba. Wace makaranta ce take so ta san inda shanun Musbahu suke kwana? Me za ta yi da shi?”

Mudassir ya buɗe baki. Duk abin da aka koya musu ya zo masa da Turanci, a jere kamar yadda yake a allo. Ya nemi yadda zai faɗe shi a gaban mutanen da suka binne ɗan'uwansu shekaranjiya, ya rasa.

“Baba, nazari ne... don a san yadda mutane suke zaune...”

“A sani a yi me?”

Lukuman ya juya wajen mai unguwa. “Ranka ya daɗe, an kawo maka shi?”

Mai unguwa ya gyara zama, bai kalli kowa ba. “Gaskiya ni ban san da zuwansa ba. A masallaci na gan shi.”

“Kun ga yadda sa ya tsaya masa ranar nan?” in ji wani. “Ai irinsu ne. Sun san juna.”

Jibirin ya ɗaga hannu biyu, har yanzu yana durƙushe. “Ku tsaya in yi bayani. Mu ma an taɓa kore mana...”

Daga nan wani ya yi ihu, “Infoma ne!” Sai kalmar ta kama bakin kowa.

Mudassir bai ga wanda ya fara kai hannu ba. Ya ji an fizge shi ta baya da ƙarfi. Kawu Muntari ne, ya ja shi har cikin zauren gidansa, ya banko ƙofa, ya jingina bayansa da ita.

“Kawu, sake ni! Kashe shi za su yi!”

“In na sake ka da kai za a haɗa. Me zan ce wa uwarka?”

Mudassir ya yi kokawa da shi, amma hannun da ya shekara arba'in yana riƙe garma ya fi ƙarfinsa. Ta cikin ƙofar yana jin komai. Ya ji ƙarar sanduna, ya ji mata suna salati daga cikin gidaje. Ya ji muryar Jibirin tana cewa a tsaya, a tsaya, sannan ta koma kiran sunansa, Mudassir, Mudassir. Daga baya ya daina jin ta. Kawu Muntari yana riƙe da shi, hawaye na bin gemunsa, amma bai matsa daga ƙofar ba.

Liman ne ya ceci abin da ya rage. Tsoho ne mai ciwon ƙafa, ya rarrafa ya kwanta a kan Jibirin, ya ce duk mai son ya ƙara sai dai ya fara da shi. Har shi sanda ta samu a kafaɗa kafin hannuwa su tsaya. Mai unguwa ya kira 'yan sanda. Da Kawu ya buɗe ƙofa, Mudassir ya tarar da abokinsa a kwance a cikin laka, farar rigar da ya sa don ta'aziyya ta rine, fuskarsa ba ta ganuwa.

A asibitin Gwarzo aka tsayar da jinin, aka ce a wuce da shi Kano. Malam Jalo ya iso da kayan gona a jikinsa. Ya tsaya a bakin gadon. Da Mudassir ya durƙusa zai yi magana, sai ya ɗaga masa hannu.

“Bari tukuna, ɗana. Bari ya farfaɗo.”

Dakta Halima Sa'adiya ta zo asibitin Kano washegari. A baranda ta tsare Mudassir, ya ba ta labari tun daga farko. Da ya kai kan maganar mai unguwa ta runtse ido.

“Na ce ku fara zuwa wajensa.”

“Ba ya nan ranar, Malama.”

Kaifin muryar nan da aka san ta da shi ya tafi. “Ni na aike ku. Ko takardar shaida ban ba ku ba. A zamaninmu haka muke shiga ƙauye da biro da littafi, a ba mu masauki. Ban tsaya na duba cewa ƙasar ta canza ba.”

Ta je wajen 'yan sanda da kanta, da wasiƙar makaranta da sunayen duk 'yan ajin da aka ba aikin. Aka bincika wayar Jibirin ba a samu komai ba, aka wanke shi. An kama Lukuman da wasu matasa. Amma kafin maganar ta kai kotu dattawan Tsamiyar Hadi suka ɗauki liman suka je Dugabau neman sulhu, Malam Jalo kuma ya ce ya janye ƙarar. Dakta ta roƙe shi kada ya yi haka, ta ce makaranta za ta tsaya masa.

“Malama, ke za ki koma Kano,” in ji shi. “Mu a nan za mu kwana. Matanmu suna kai nono ƙauyukan nan, yaranmu suna bin hanyar nan. In aka ɗaure musu 'ya'ya saboda mu, wa zai tsare nawa? Na bar wa Allah.”

Jibirin ya rayu. Karayar hannun ta ɗinke, haƙarƙarin ma haka. Idon dama ne likitoci suka ce ya tafi ke nan. Ga kuma ciwon kai da ke saukar masa in ya kalli rubutu ko hasken rana ya yi yawa. Aka koma makaranta ba shi. Mudassir ya zauna shi kaɗai a ɗakin, katifar Jibirin a naɗe a jikin bango. Dakta ta soke aikin hutun gaba ɗaya, ta ce kada kowa ya kawo, ta maye shi da gwaji a cikin aji. A lacca ba ta ƙara ambatar zuwa ƙauye ba. 'Yan aji suka yi ta zancen na ɗan lokaci, wasu suka haɗa gudummawa aka kai, daga nan jarrabawa ta matso kowa ya kama gabansa.

Da kaka, bayan an gama jarrabawa, Mudassir ya je Dugabau. Ya sha zuwa a baya, amma kullum sai ya tarar Jibirin yana barci, ko a ce masa yana barci. Inna Uwaliya ta amsa gaisuwarsa duka, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ta kawo masa ruwa. Ba ta zauna ba. Ta nuna masa ɗakin da hannu ta koma bayan gida.

An rufe tagar da tsohon zani. Jibirin yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, ya rame, baƙin tabarau a fuskarsa. Suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a mota.

“An yi jarrabawa?”

“An yi.”

“Me aka tambaya a Antiro?”

Mudassir ya gaya masa. Akwai tambaya a kan gado ta wajen uba da ta wajen uwa, akwai wata a kan dalilin da ya sa kyauta take ɗaure mutane da juna. Jibirin ya ɗan gyara zama, ya fara amsa ta biyun kamar yana aji, har muryarsa ta soma ɗagawa. Sai ya tsaya a tsakiya, ya dafe goshi, ya jira abin ya lafa.

“Da na ci wannan,” ya ce.

“Da ka fi kowa. Dakta ta ce an ajiye maka gurbinka. Duk lokacin da ka ji sauƙi.”

Jibirin ya sake jingina da bango. Can ya ce, “Na yi ta tunanin saƙon nan na kawunka. Ina tambayar kaina, da ka gaya mini, da na fasa zuwa? Ina jin da sai na je duk da haka. Mutumin nan ya yi mini alheri.” Ya juyo da fuskarsa wajen Mudassir. “Amma da na je da sanina.”

Duk maganar da Mudassir ya shirya a hanya ta zama ba ta da amfani. Ya ce, “Ka yafe mini.”

“Na yafe. Tun ina asibiti. Amma ka ɗan daina zuwa. Ba don ni ba. Duk ranar da ka zo, in ka tafi Inna ba ta iya cin abinci.”

Mudassir ya fito. Malam Jalo yana sussukar dawa a ƙofar gida, ya dakata ya raka shi har inda ya ajiye babur, ya ce ya gaida Alhaji.

Ba a taɓa gano waɗanda suka shiga Tsamiyar Hadi ba. An kama wasu da shanun sata can wajen iyakar Katsina, ba ko ɗaya a cikinsu da ya san sunan Jibirin, amma kuma ba a tabbatar su ne ba. A ƙauyen wasu suna cewa an zalunci yaron, wasu har yau suna cewa makaranta ce ta rufa masa asiri. Kawu Muntari ya yi huɗar bana da hannu, rabin gonar ya bari, abin da ya samu ba zai kai shi bazara ba. Hajiya Badi'a takan aika masa da hatsi. Mudassir ne ya saba kaiwa, yanzu sai dai a ba ɗan acaɓa.

Wata Juma'a a cikin hutun, Mudassir ya makara zuwa masallaci a Gwarzo, ya samu wuri a sahun waje. Ana tayar da iƙama wani ya shigo gefensa ya daidaita kafaɗa da tasa, ya haɗa ƙafa da tasa. Sai da aka yi raka'a ɗaya ya gane ko wane ne. Lukuman ne. Ya zube, wuyansa ya yi tsawo, rigar da ke jikinsa ta marigayi ce, ta yi masa yawa. Mudassir ya ƙarasa sallar bai san abin da liman ya karanta ba.

Da aka sallame Lukuman ya miƙo masa hannu. Mutane na kallo ta ko'ina, ana ta gaisawa. Mudassir ya karɓa.

“Ya gida? Ya Hajiya?”

“Lafiya lau.”

“Ya karatu?”

“Alhamdu lillahi. Ya ƙarin haƙuri? Ya yaran Malam?”

“Suna nan. Duk suna wajena yanzu.” Lukuman bai saki hannun ba. Ya kalli ƙasa, ya rage murya. “Ya mai jiki?”

“Da sauƙi.”

“Allah ya ƙara sauƙi.”

“Amin.”

Lukuman ya ɗan tsaya kamar akwai sauran magana, sai kuma ya saki hannun ya shige cikin jama'a. Mudassir ya zauna a wurin har masu shara suka fara naɗe tabarmi, ɗaya ya ce masa ya ɗan ɗaga. Ya tashi ya nemi takalmansa ya tafi gida. Da Hajiya Badi'a ta tambaye shi abin da ya tsayar da shi, ya ce cunkoso ne.